Ɗan magini a ƙasar ƙanƙara

Ranar Alhamis 30 ga Disamba 2021 muka tare. Da na tayar da mota da asuba, ma'aunin da ke gabanta ya nuna digiri 31 ƙasa da sifili. Hayar da muke ciki a birnin Winnipeg na ƙasar Kanada washegari za ta ƙare, mai gida kuma ya riga ya ba wa wasu, don haka babu zancen jiran sanyi ya sassauta. Abokaina biyu suka zo da motar ɗaukar kaya, muka yi sawu uku. Kafin mu isa a sawun farko jarkar manja ta koma dutse, tukunyar na'a-na'a da matata ta yi shekara biyu tana reno a bakin taga ta mutu tsakanin ƙofar gida da ƙofar mota.

Da muka iso, matata ta ce ko cokali kada a shigar sai an shigar da Alƙur'ani. Babbar 'yarmu ta rungume shi a ƙirji, ta shiga da ƙafar dama, muka bi bayanta da bismillah. Ina tsaye a zaure ina kwance igiyar takalmi sai ɗumin ciki ya bugi fuskata, ƙafafuna suka ƙi ɗaukata. Na zauna a kan bokitin fenti na yi kuka a gaban abokaina, abin da ban yi ba tun ranar da aka binne Inna. Babu wanda ya ce mini komai. Suka ci gaba da shigo da kaya suna rufe ƙofa da sauri.

Ni ɗan birnin Zariya ne, mahaifina magini ne na ƙasa. Da shi aka gina soraye da dama a cikin birni, kuma in ya buɗe baki kan gini ba ya rufewa sai ya kai ga Masallacin Juma'a da Babban Gwani ya gina, ya lissafa maka yadda aka ɗaure azara aka tayar da bakan gizo babu siminti babu rodi. Tun ina ɗan shekara bakwai nake cuɗa ƙasa da ƙafa, ina miƙa tubali, ina ɗebo makuba. Kuma tun ina ɗan shekara goma sha biyu nake jin kunyar wannan sana'a. A makaranta in an tambayi aikin uba sai in ce ɗan kwangila ne. Bulo da kwano sun shigo, masu kuɗi suna rushe soron kakanninsu, ni kuma na ƙudurta a raina cewa boko zan yi in yi nisa da laka iyakar nisa. Baba ya sani. Bai taɓa yi mini faɗa a kai ba, wannan ne ma ya fi damuna daga baya.

Na sauka Winnipeg a ƙarshen 2013 da sunan karatu, na faɗa cikin sanyin da mutanen garin suka ce ba a yi irinsa ba tun 1898. A shekarar ƙanƙara ta nutsa cikin ƙasa har ta kai bututun ruwa, gidaje fiye da dubu biyu suka wayi gari famfo a daskare, wasu sai da suka yi watanni suna jan ruwa da tiyo daga maƙwabta. Ni da na san sanyin Zariya, wanda ake hura wuta a tsakar gida a sha koko a ce ana hunturu, sai na gane ban taɓa haɗuwa da sanyi ba. Wannan yana daskarar da gashin hanci a numfashi ɗaya. Mota ma sai an jona ta da wuta ta kwana, in ba haka ba da safe ba za ta tashi ba.

Bayan karatu na samu aiki a wata masana'antar tagogi, ranakun Asabar kuma ina bin wasu kafintoci masu tayar da gidajen katako don in ƙara abin hannu. Na gudu daga gini na haye teku, ginin ya riga ni isa. Matata ta iso a 2016, Allah ya ba mu 'ya'ya biyu, muna zaune a bene na uku cikin ɗaki biyu da falo. Ranar da ta ɗauko ƙaramin turminta za ta daka yaji, mai zama a ƙasanmu ya hau ya ƙwanƙwasa ƙofa, bayan kwana biyu takardar gargaɗi ta zo. Ta naɗe turmin cikin zani ta tura ƙarƙashin gado. In na yi baƙi maza, ita da yara sai su shige ɗaki su zauna a kan gado har a tashi. Sayen ginannen gida kuma yana nufin bashin banki na shekara ashirin da biyar da ruwa a kai, abin da zuciyarmu ba ta kwanta da shi ba. Wata rana da dare ta ce da ni, "Abban yara, kai da kake gina wa mutane, me ya hana ka gina mana?" Na ce ba ta san abin da take faɗa ba. Amma maganar ta zauna.

A ƙarshen 2020 muka sayi fili eka biyu a kudu maso gabashin Winnipeg, tafiyar minti arba'in a mota. Kuɗin tarin shekara bakwai ne, da kwasar adashin da muke yi mu takwas, da kuɗin filina na Zariya da na sa ƙanena ya sayar. Wurin shimfiɗe yake kamar faifai, babu tudu babu dutse, iska tana tahowa daga arewa babu abin da zai tare ta. Gonar da ke maƙwabtaka da mu ta wani dattijo ce ɗan kabilar Menonayit, waɗanda kakanninsu suka zo daga kudancin Rasha a 1874. Shi ne ya ce in je gidan tarihinsu a garin Steinbach in ga irin ɗakin da mutanensu suka yi sanyin farko a ciki. Na je. Rami ne aka haƙa zuwa ƙugu, aka tayar da bango da curin ƙasa mai ciyawa, aka rufe da itace da ƙasa. Suna kiransa semlin. Na daɗe tsaye a ciki ina shaƙar ƙamshin ƙasar. Da na fito na aika wa Baba hoton, ƙanena ya nuna masa, ya ce, "Waɗannan mutane sun san abin da suke yi. Ƙasa ba ta yaudara."

Zanen gidan ni na fara shi a takardar makarantar 'yata, sannan na kai wa mai zane da injiniya suka mayar da shi yadda ƙaramar hukuma za ta karɓa ta ba da izinin gini. Gida ne ƙarami, ɗaki uku, bene babu. Abu uku na kafe a kai. Na farko, kada banɗaki ya fuskanci alƙibla ko ya ba ta baya, alƙiblar nan kuwa arewa maso gabas take, ba gabas ba kamar gida. Na biyu, wurin alwala mai wurin zama. Na uku, zaure: ɗaki a gaba mai ƙofar waje, da wata ƙofa ta ciki wadda ba ta saiti da ta farko, yadda baƙo ba zai hango cikin gida ba. Na yi tsammanin sai na sha bayani. Mai zanen ya duba ya ce ai wannan shi ne daidai a ƙasar sanyi, domin duk lokacin da aka buɗe ƙofar waje, sanyin a ɗakin gaba zai tsaya, ba zai kutsa falo ba. Abin da kakanninmu suka yi don sutura, a nan ya zama garkuwa.

Inda muka saɓa da Baba shi ne tagogi. Na sa manya uku a bangon kudu, kowacce gilashi ninki uku, na bar arewa kusan a toshe. Ya ce, "Kai, wane irin gida ne za a buɗe wa rana ciki haka?" Ni ne ɗan fari, bai taɓa kama sunana ba, "kai" ɗin nan ita ce sunana a bakinsa. Na ce, "Baba, a gida rana ake gudu, a nan ita ake roƙo." A watan Disamba rana ba ta fitowa sai wajen takwas da rabi, kafin huɗu da rabi ta faɗi, kuma duk yinin a ƙasa-ƙasa take ta kudu, haskenta yana shigowa har tsakiyar ɗaki. Ya yi shiru, ya ce to Allah ya sa alheri, amma na san bai gamsu ba.

Tushen ginin ya fi komai ba shi mamaki. Ƙasar kwarin kogin Red River, inda muke, laka ce, ragowar wani tsohon tafki da ake kira Agassiz, in ta sha ruwa ta kumbura, in ta bushe ta tsuke, in ta daskare ta ɗaga duk abin da ke kanta. Ƙanƙara kuma tana iya nutsawa fiye da mita biyu. Saboda haka ba a ɗora gida a kan fandisho irin namu. Mota ce ta zo ta huda ramuka masu zurfin wajen mita bakwai, aka zura rodi aka cika da kankare, gidan ya zauna a kan waɗannan ginshiƙai. Tsakanin ƙasa da kankaren da ya haɗa kawunansu kuma ana shimfiɗa kwali mai kauri, wanda zai ruɓe daga baya ya bar sarari, don in lakar ta kumbura ta samu inda za ta tafi. Na juya wayar na nuna masa. Ya ce, "Wato da gangan ka bar rami a ƙarƙashin bangonka?" Na yi masa bayani. Ya sa na maimaita sau biyu, sannan ya ce a fadama ma haka ƙasa take yi, shi ya sa magini mai hankali ba ya gini a can, amma tunda ku duk ƙasarku fadama ce, wannan dabara ce. Daga ranar ya daina cewa "gidan katakonka", ya koma tambaya ina aka tsaya.

A watan Mayun 2021 ne aka zuba tushen, kuma a watan ne farashin katako ya kai inda bai taɓa kaiwa ba, ya ninka na 2020 fiye da sau uku saboda annobar korona. Na ɗauki lissafina na je wurin masu sayarwa, na dawo na zauna a mota na kasa tayar da ita. Kuɗin da na ware na katakon gida duka ko bango bai isa ya tayar ba. Makonni shida ginshiƙan suna tsaye a fili, ciyawa na fitowa a gefensu, ni kuma ina tunanin sayar da wurin. Barci ya ƙaurace mini. A cikin wannan hali matata ta ajiye mini wani ƙaramin akwati a kan darduma bayan sallar asuba: sarƙa da awarwaro da 'yan kunnen zinarenta na aure, har da wanda mahaifiyarta ta ba ta. Na ce ba zan karɓa ba. Ta ce, "Ba kai na ba wa ba, gidana na ba wa." Allah cikin ikonsa, zuwa ƙarshen Yuli farashin ya faɗo sosai, kuɗin zinaren da rancen da abokai uku suka ba ni babu ruwa suka rufe gibin.

Bayan Babbar Sallah, da aka sassauta dokar taro, muka yi gayya. Na sanar a masallaci da zauren WhatsApp na 'yan gida, Asabar ta farko mutum goma sha huɗu suka zo: Hausawa daga Kano da Damagaram da Kumasi, Yarabawa biyu, wani ɗan Sudan, da dattijon maƙwabcina da jikokinsa biyu. A shekarar fari ake yi, hayaƙin gobarar daji ya rufe sama, rana ta koma ja kamar ta hazo. Mata suka dafa shinkafa da wake a gida aka kawo a kula. Akwai likita a cikinmu wanda bai taɓa riƙe guduma ba, shi muka ba wa aikin awo da alama, kuma bai yi kuskure ko ɗaya ba. A Asabar uku bango ya tashi, a ta huɗu aka ɗora rufi. Dattijon ya ce haka mutanensu suke tayar da rumbu tun zamanin kakanni, gari ya taru a yi a yini guda. Na fassara masa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ya sa na rubuta masa a takarda.

Wayar wuta da haƙa rijiyar burtsatse da tankin masai na bar wa masu lasisi. Sauran kuwa, daga Satumba har Disamba, ni kaɗai ne yawanci, daga tashi aiki zuwa sha ɗaya na dare, da fitila a goshi.

Aikin da ya fi cin raina a watannin nan babu wanda zai shigo gidan ya gan shi. Bangon gidan sanyi hawa-hawa ne: daga waje akwai rufin ado, sai soso mai tauri, sai allon katako, sai audugar gilashi cushe tsakanin katakai, sannan leda mai kauri ta lulluɓe cikin gidan gaba ɗaya, bango da silin, kafin a buga allon da za a yi wa fenti. A saman silin na hura auduga mai zurfin kusan rabin mita. Ledar nan ita ce ran aikin. Numfashinmu da tururin girki da na wanka duk danshi ne, in ya samu ƙofa ya shiga cikin bango zai tarar da sanyi ya zama raɓa, raɓar ta daskare, in bazara ta zo ta narke katako ya fara ruɓewa a ɓoye. Don haka duk gaɓa sai an shafa mata wani baƙin danƙo mai kama hannu an bi da salatif, duk inda waya ko bututu ya ratsa sai an toshe, duk akwatin soket sai an yi masa riga. Ina yi ina tuna Baba a kan soro kafin damina, yana bin tsaga ɗaya-ɗaya da yatsa yana liƙewa, ni kuma ina ƙasa ina ƙosawa. Yakan ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ina yaro na ɗauka maganar zumunci kawai yake yi. Wata rana wajen ƙarfe goma na dare, ina durƙushe ina liƙe bayan soket, yatsuna sun ƙage, na kira shi, a can asuba ta kusa. Na ce, "Baba, ka yafe mini." Ya ce, "Me ka yi?" Na ce na raina sana'arsa. Ya ce, "Kai, ci gaba da aikinka, kada danƙon ya bushe."

Da na gama aka zo gwaji. Ana toshe ƙofar waje da wata babbar fanka mai zuƙe iskar gida, sai a bi bango da hayaƙi a ga inda iska ke satar hanya. An samu wuri biyar, na toshe huɗu a ranar. Na biyar yana ƙarƙashin wurin alwala, sai an kwanta rigingine a rami kafin a kai gare shi, na ce sai gobe. Goben ba ta zo ba. Gidan da aka toshe haka kuma dole a yi masa huhu, wato na'urar da ke fitar da iskar ciki ta shigo da sabuwa, tana karɓe ɗumin mai fita ta ba wa mai shigowa. Mai duba gini ya zagaya a makon ƙarshe na Disamba, ya ba mu izinin zama na wucin gadi, da sharaɗin kammala matakalar waje da rufin bango in sanyi ya wuce.

Daren farko a falo muka kwana duka, a kan katifu, domin ɗakuna ba su da ƙofofi tukuna. Ƙasa allon katako ne tsirara, kicin ɗin teburi ne da risho na lantarki. Muka karanta Baƙara, ni da ita muna karɓa-karɓa. Ta kunna turaren wuta, ƙararrawar hayaƙi ta ɗauka, yara suka toshe kunne suna dariya, tun daga ranar ta koma kasko na lantarki. Can tsakar dare na ji ƙara kamar an harba bindiga a rufi. Na yi zumbur na ɗauki fitila na zagaye gidan ina duba silin, zuciyata na bugawa, ina cewa wani abu na kuskure. Babu komai. Da safe dattijon ya ce sabon katako ne ke tsukewa in sanyi ya tsananta, kowane gida yana yi a shekararsa ta farko. Da gari ya waye matata ta ciro turminta daga cikin zani, ta ajiye a tsakiyar kicin, ta daka yaji har ta gaji.

Kwana tara da tarewa, na tashi alwalar asuba famfo ya ƙi kawo ruwa. Wurin nan na biyar ne. Tsagar ba ta kai faɗin yatsa ba, amma iskar arewa ta yi ta hurawa a kan bututun har ya daskare. Na shiga ramin da na'urar busar da gashi, na yi awa biyu a kwance kafin ruwa ya motsa, Allah ya taimake ni bai fashe ba. Ban fito ba sai da na toshe ta.

Jarrabawa ta gaske a watan Fabrairu ta zo. A sanyin shekarar dusar ƙanƙara ta yi yawa ƙwarai, abin da ya zuba a Winnipeg ya haura mita biyu. Wata ranar da yamma guguwa ta taso, ko motar da ke ƙofar gida ba a gani, wajen ƙarfe tara na dare wuta ta ɗauke. Mu da muka tashi inda ɗaukewar wuta ba labari ba ce, da farko ko a jikinmu. Sai na tuna cewa a nan hita wuta ce, famfon rijiya wuta ne, huhun gidan ma wuta ne. Murhun itacen da na saya yana ajiye a kusurwa, ban haɗa masa bututun hayaƙi ba. Hanya ta toshe, babu fita. A waje 26 ƙasa da sifili, ban da iska.

Na fita rumfa na ɗauko abin gasa nama da buhun gawayi, har na shigo da su zaure. Matata ta tsaya a ƙofar ciki. Tana aikin kula da tsofaffi, an koya musu wannan. Ta ce, "Abban yara, gidan da ka toshe da hannunka ko iska ba ta ratsa shi, shi za ka shigar wa gawayi? Barci za mu yi, ba za mu tashi ba." Na san haka, na karanta, ni na ɗaura ƙararrawar gubar hayaƙi a bango. Amma tsoro ya mayar da ni ɗakin Inna a hunturu, da kaskon wuta a tsakiya. Na mayar da gawayin waje. Har yau in na tuna tsayuwarta a ƙofar nan sai in yi wa Allah godiya.

Muka tattaru a ɗaki ɗaya, muka sa wa yara huluna da safa, muka lulluɓa da duk bargon da muke da shi. Ni ban runtsa ba. Na ajiye ma'aunin zafi kusa da ni ina haska shi duk rabin awa, ina jan carbi. Lokacin da wuta ta tafi yana kan 21. Sha biyun dare 18. Ƙarfe uku 16. Iska tana dukan bangon arewa kamar za ta ɗauke shi, ina jin ta, amma harshen kyandir ɗin da ke gabana ko karkata bai yi ba. Da asuba 13. Duk daren nan abin da ke tsakanin 'ya'yana da wannan sanyi shi ne ledar da na liƙe da audugar da na cusa. Da rana ta fito guguwa ta lafa, haske ya kwararo ta tagogin kudu ya kwanta a ƙasa, yara suka bi shi suka zauna a ciki kamar kaji. Kafin wuta ta dawo wajen ƙarfe sha ɗaya, ma'aunin ya hau 16 da kansa.

Kafin nan ma mun ji ƙarar tarakta. Dattijon ne ya share mana hanya tun daga titi, ya zo da shayi a fulas, yana cewa in akwai matsala mu koma gidansa, yana da janareta. Na shimfiɗa masa darduma a zaure, ya zauna da rigar sanyinsa, matata ta miƙo ƙosai ta ƙofar ciki bayan wuta ta dawo. Shi ne baƙon farko da zauren ya karɓa. Da na ba wa Baba labari ya tambayi abu ɗaya: tagogin nan ne suka ɗumama ɗakin? Na ce su ne. Ya ce, "To, ka fi ni gaskiya a wannan."

A makon na haɗa bututun murhu, aka zo aka duba saboda inshora, na sayi itacen oak da poplar busasshe daga wani manomi. Azumi ya kama a Afrilu, dusar ƙanƙara ta sake zuba a tsakiyar watan, ruwan sama ya biyo baya mako bayan mako, Red River ya cika ya malala, gonakin da ke kewaye da mu suka zama tafki. Famfon da ke ramin ƙarƙashin gida ya yi ta aiki dare da rana, ina tashi sahur in leƙa shi kafin in ci abinci. Ruwa bai taɓa katako ba. Walimar tarewa sai bayan Ƙaramar Sallah muka yi ta, aka sauke Alƙur'ani, duk waɗanda suka zo gayya suka dawo da iyalansu, maza a zaure da waje, mata a ciki.

Abu ɗaya ya rage. Bangon da ke bayan murhu na bulo ne, tunda doka ba ta yarda da abin da wuta ke ci a wurin ba, kuma na bar shi tsirara. Lakar da aka haƙo daga ramukan tushe tana nan tsibi a bayan gida. A watan Yuli na ɗebo ta na kwaɓa na yaɓa, kwana biyu ta tsattsage kamar ƙasan tafki a rani. Na kira gida. Idon Baba ya yi rauni yanzu, ƙanena ne ke riƙe masa waya yana faɗa masa abin da ya gani. Ya ce in dunƙula in matse a hannu in gaya masa yadda take ji. Na ce tana da santsi kamar sabulu, tana kama yatsu. Ya ce, "Ta yi maiƙo da yawa. Yashi kashi uku, ita kashi ɗaya. Ka samo tattaka ka daddatse, in akwai kashin doki ka zuba. Ka cuɗa da ƙafa, ba da shebur ba, ka rufe ta ta kwana bakwai kana juyawa." Dattijon ya ba ni damin karan alkama, jikarsa mai dawaki ta ba ni sauran.

Na shimfiɗa tamfol a tsakar fili, na naɗe wando, na shiga. Shekara ashirin da wani abu rabona da taka ƙasar gini, amma ƙafar ba ta manta ba, dunduniya ta fara, sannan yatsu. Yara suka cire takalma suka faɗo ciki, sauro na cizonmu, uwarsu tana riƙe da waya Baba yana sauraron sautin. Ya ce a ƙara ruwa kaɗan, daga jin ƙarar ta yi tauri.

Ranar yaɓe na kankare na farkon, na jiƙa bulon, na riƙa jefa curi ina bi da tafin hannu daga ƙasa zuwa sama yadda yake yi. Da ta fara shan iska na zana dagi a tsakiya da yatsa, yara suka manna tafukansu a ƙasa. Na ja da baya da wayar don ƙanena ya gani da kyau. Na ji suna magana ƙasa-ƙasa, sannan Baba ya karɓa ya kawo fuskarsa daf da gilashin, ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Kai, gefen hagun nan ya fi kauri. Jiƙa hannunka ka rage shi tun ba ta bushe ba."

Na ajiye wayar a kan murhu, na tsoma hannu a bokiti.